Ranar da Aka Sa Tsohuwa Barci

Mutum biyu suka kira motar asibiti a lokaci guda, mota ɗaya ta fita. Kira na biyu bai hau allon masu tura motoci ba, ya ɓace kamar ba a yi shi ba. Matar da ta yi kiran tana tsaye a bakin ƙofa tana leƙen hanya, mijinta yana kwance a ƙasa bakinsa ya karkace. An ce mata mota tana tafe, ta yarda. Sai da ta gaji da jira ta je ta buga wa maƙwabci ƙofa, aka sa mijin a bayan motar maƙwabcin. Mutumin bai mutu ba, amma rabin jikinsa bai ƙara motsi ba. Likita ya ce da an kawo shi da wuri da ba haka ba.

Ɗana ne ya rubuta manhajar kwamfutar da ta haɗiye kiran. Matarsa ce ta gwada ta, ta sa hannu cewa lafiyarta ƙalau.

Ni mai walda ne. Gidan da muke ciki ni na gina shi, ni da mai ɗakina muna ƙasa, ɗana da matarsa da 'yarsu ƙarama suna sama. Dogo muke ce masa tun yana yaro. Shi da matarsa kamfani ɗaya suke aiki, can ma suka haɗu. Shi yana rubuta manhaja, ita tana neman inda za ta karye. Ranar da ta fara gaya min aikinta na ɗauka wasa take.

"Wato shi ya gina, ke ki rushe?"

"A'a, Baba. Jijjigawa nake yi kafin mutane su shiga."

A ofis Kwastan suke ce mata, don ba abin da ke wucewa ta gabanta ba ta zazzage shi ba. A gida ma haka take. Na taɓa yi musu ƙarfen matakala, na gama na shafa fenti, ta zo ta kama shi ta girgiza da ƙarfinta, sannan ta ɗauko yarinya ta gwada ko kanta zai shiga tsakanin sanduna. Raina ya ɓaci, amma ban tanka ba, tunda kan bai shiga ba.

Abin da ya kai ni ofishinsu ƙofa ce. Suna son ƙofar ƙarfe a ɗakin da suke ajiye manyan injunansu, Dogo ya samo min aikin. Na haɗa ta a shago, na kai ta can don in kafa. Ashe na faɗa cikin makon da za su miƙa wa hukumar motocin asibiti sabuwar manhajarta. Kowa a wajen ido ja, ba mai amsa gaisuwa da kyau.

Ofishin dogon ɗaki ne, tebura a jere, wayoyi a ƙasa kamar saiwar bishiya, kofunan shayi ko'ina, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga cikin bokiti. A bangon ƙarshe akwai wata ƙatuwar talabijin da ba ta nuna komai sai ƙananan akwatuna masu yawa, duk kore. Ɗakin injunan yana kusa da ita, don haka ina aiki ina ganinta.

Ranar farko ina cikin huda bango sai na ji an yi shewa. Na leƙo. Akwati ɗaya a ƙasa ta hagu ya koma ja. Wani gajeren mutum da suke ce wa Rediyo, don bakinsa ba ya hutawa, ya miƙe ya ɗaga hannu sama.

"Jama'a, Tsohuwa ta tashi da fushi! Wa ya taɓa mata kaya?"

Aka yi dariya. Ya danna wani abu a kwamfutarsa yana cewa, "Yi haƙuri Iya, ba za mu ƙara ba." Jim kaɗan akwatin ya koma kore, kowa ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aiki. Surukata kaɗai na ga ba ta yi dariya ba.

Da ta kawo min ruwa na tambaye ta wace ce Tsohuwa. Ta ce kowane akwati a jikin talabijin ɗin gwaji ne da kwamfuta ke yi da kanta duk sanda aka taɓa manhajar. Kore yana nufin an wuce, ja yana nufin an faɗi. Tsohuwa ita ce gwajin da ya fi kowane daɗewa, wanda ya rubuta ta ma ya bar kamfanin tuni. Aikinta ta zubo kiraye-kirayen ƙarya da yawa a lokaci guda, sannan ta duba ko duk sun isa allon masu tura motoci.

"To me ya sa take ja?"

"Sukan ce tsufa ne. Wani lokacin injin gwajin yana yin nauyi, sai ta gaji da jira ta yi ja. Idan aka sake danna ta sai ta yi kore. Shekara da shekaru haka ake yi da ita."

"Ke kuma me kika ce?"

Ta waiwaya ta dubi teburin mijinta kafin ta amsa. Ta rage murya.

"Da can jira ne ke gajiyar da ita, gaskiya ne. Amma na buɗe na karanta abin da take faɗa yanzu. Cewa take ta zuba kira, ɗaya bai iso ba. Kuma tun da aka sake rubuta wajen karɓar kira ta fara faɗin haka."

"Wa ya sake rubutawa?"

Ta ɗauki kofin ta fita.

Washegari ta tari Manaja a tsakiyar ofis. Mutum ne mai fara'a da tsaftar riga, irin wanda ke kiran kowa ɗan'uwa har ranar da zai kore shi. Ta ce masa ba za ta iya sa hannu ba, tana neman ƙarin mako guda. A ƙa'idarsu, sai babbar mai gwaji ta danna amincewa da sunanta ake miƙa aiki.

"Mako guda?" in ji shi. "Kin san an riga an horar da ma'aikatansu, an gayyato manya? To ban ƙi ba. Nuna min."

"Ba kullum take yi ba, ranka ya daɗe."

"Shi ya sa na ce ki nuna min. Ga mu tsaye."

Mutane suka bar teburansu suka taru. Ni ma na ajiye guduma. Ta zauna ta danna. Akwatin ya yi fari yana juyawa, ya koma kore. Ta sake. Kore. Ta sake, ta sake. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa a bokiti. Na ga gumi a bayan wuyanta duk da sanyin wajen. Dogo yana tsaye can baya ya harɗe hannu, yana kallon takalminsa.

Rediyo ya kasa haƙuri. "Iya tana jin kunyar baƙi ne. Ba ta faɗa a gaban manya."

Wasu suka yi dariya. Manaja bai yi ba, ya dafa teburinta.

"'Yar'uwa, na san ƙoƙarinki. Amma ba zan je in gaya wa hukuma cewa mun fasa saboda wani abu da ke kaɗai kike gani ba. Injiniya, kai me ka ce? Aikinka ne."

Dogo ya gyara murya. "Na bi rubutun layi-layi, ban ga komai ba. Gwajin ne ya lalace. Kowa ya san halinta."

"Kin ji," in ji Manaja. "Gobe da safe idan allon nan duk kore ne, ina son sunanki a kai. Idan kuma akwai ja, sai mu zauna."

Ya juya zai tafi ofishinsa. Yana wucewa ta gefen Dogo ya ɗan ja hannun rigarsa, daidai bakin ƙofar da nake kafawa. Mutane ba sa lissafa mai walda cikin masu kunne. Na ji ya ce, "Ba na son ganin ja gobe. Yadda za ka yi, kar ka gaya min."

Da aka tashi muka shiga mota. Ni ke tuƙi, su biyu a gefe, kowa ya juya wa ɗan'uwansa kafaɗa. Da muka isa gida mai ɗakina ta kalli fuskokinsu sau ɗaya ta gane akwai magana, kuma ba ta iya barin magana ta kwana. Kafin a gama cin abinci ta tatso komai daga bakin ɗanta.

"Ke yanzu," ta ce wa surukar, "a gaban jama'a kika miƙe kika ce aikin mijinki bai yi ba?"

"Mama, ban ambaci sunansa ba."

"Sai kin ambata? Waye bai san nasa ba ne? Yaron nan wata nawa bai yi barcin kirki ba, ana maganar za a ba shi shugabancin sashe, ke da ya kamata ki rufa masa asiri ke ce kike ɗaga zani."

"Idan kira ya ɓace, Mama, wani ne zai tsaya yana jiran motar da ba za ta zo ba."

"Idan! Idan! Kin ga ya ɓace?"

"Na gani a gwaji."

"Gwajin da kika kasa nunawa," in ji Dogo. Wannan ce maganarsa ta farko da matarsa tun da muka baro ofis. "Kin zauna kina dannawa kamar mai kiran aljani, duk ofis suna kallona. Kin san abin da zai faru idan aka ɗaga ranar nan? Ni za a nuna da yatsa. Ba ke ba."

"To zo mu nema tare. Ni ba faɗa nake da kai ba."

"Na nema! Ba zan gyara abin da ba na gani ba."

Yarinyar ta fara kuka saboda hayaniya. Na ɗauke ta na ce wa uwar Dogo ta bar maganar haka, ba ita aka ɗauka aiki a kamfanin ba. Ta ce ni dama ba na kishin ɗana. Na ce ta ƙara min ruwa.

Da safe Dogo ya riga mu fita, ya ce yana da abin da zai ƙarasa. Ni na kai surukata. Muna shiga ofis ta ɗaga kai ta dubi talabijin. Duk kore, daga sama har ƙasa. Mutane suna ta murna, Rediyo yana raba alewa. Ita kuwa ta tsaya da jakarta a kafaɗa ba ta ko zauna ba, idonta a kusurwar hagu. Ta matsa kusa. Sannan ta je kwamfutarta ta yi ɗan bincike, ta miƙe ta nufi teburin mijinta.

"Zo," kawai ta ce.

Duk ofishin babu inda ke da ƙofar da ake rufewa sai na Manaja da ɗakin da nake aiki. Nan suka shigo. Ta tura ƙofata ta rufe, ta jingina da ita. Ɗakin ƙarami ne, injuna suna gurnani, sanyi kamar cikin firji. Ina durƙushe ina ɗaure ƙusa ta ƙasa, babu hanyar fita sai ta jikinta. Na zauna inda nake.

"Ina Tsohuwa?"

"Tana nan."

"Ba ta kan allo. Ina take?"

"Na sa ta barci. Na ɗan lokaci ne."

"Ka sa ta barci." Ta maimaita a hankali. "Wato ka ce wa kwamfuta ta tsallake ta. Sai allo ya yi kore, ni kuma in sa hannu."

"Kowa yana yi! Gwaji idan ya cika rigima ana ajiye shi gefe a gyara daga baya. Ba ni na fara ba."

"Ba a daren miƙa aiki ba, kuma ba a ɓoye wa mai gwaji ba. Ka san dokar. Idan na fita na faɗa a gaban mutane, yau za ka kwashe kayanka."

"To fita ki faɗa."

Suka tsaya suna kallon juna. Shi kuma, ɗan da na haifa, na san fuskarsa idan tsoro ya kama shi: kunnuwansa ke yin ja. Sun yi ja.

Sai ya sassauta murya. "Ki saurare ni. Garin nan kira nawa ake yi a yini? Kafin a samu biyu su faɗo daidai ƙiftawar ido ɗaya, ai sai an shekara. Ki ba ni mako biyu bayan an miƙa. Wallahi zan tashe ta, in zauna a kanta har in gano. Ni da ke. Mako biyu kawai nake roƙo."

"In kuma ya faru cikin mako biyun?"

"Ba zai faru ba."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Muryar Rediyo ce. "Amarya da ango, a bari sai an koma gida mana! Manaja yana neman Kwastan, baƙi sun kusa."

Ta juyo ta dube ni. Tun da ta shigo gidana ba ta taɓa neman shawarata kan komai ba.

"Baba, me zan yi?"

Na ce, "Ni ban san akwatunanku ba. Idan kin san ƙarya ce, kar ki sa hannu. Idan kuma kin sa, kin sa ke nan, kar ki ce wani ne ya riƙe miki yatsa." Na juya wajen Dogo. "Kai kuma je ka tashe ta. Idan ta yi ja ta yi."

"Baba, ba ka gane ba."

"Na gane mutumin da ya ja maka riga jiya. Yau ma yana nan?"

Ya dubi matarsa, ya ce, "Don Allah. Don yarinyar nan."

Ta daɗe tana tsaye. Sannan ta buɗe ƙofar ta fita. Ta cikin sanduna na ga ta zauna, Manaja yana bayanta yana murmushi. Ta ɗora hannu kan linzamin kwamfuta, ta ɗauke, ta goge tafin a jikin rigarta, ta sake ɗorawa. Ta danna. Aka tafa. Rediyo ya ce yau Kwastan ta buɗe iyaka kyauta.

Na gama ƙofata a ranar, na tattara kayana na tafi.

Mako biyu suka wuce, ba abin da ya faru. Aka ba Dogo shugabancin sashe, uwarsa ta yi ta kiran dangi a waya. Sabon aiki ya faɗo musu daga wani wajen, aka ce na gaggawa ne. Kullum da safe ina shan shayi a ƙasan matakala ina jin Dogo da matarsa suna saukowa, tana tambayarsa.

"Ka tashe ta?"

"Gobe."

Wata rana ya ce jibi. Wata rana ya ce ta bar shi ya sha iska. Ta ce ita za ta tashe ta da kanta, ya ce idan ta yi haka ja zai fito a allo, a tambayi tun yaushe, a tambayi wanda ya sa hannu. Daga nan ta daina tambaya a kan matakala. Ta rame. Idan motar asibiti ta wuce a titi da jiniya, sai ta ajiye cokali ta bi ƙarar da kunne har ta ɓace.

Ranar da abin ya faru an wuni ana ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, motoci suna ta karo a hanyoyi, layin kiran asibiti ya cika. Ma'aikata biyu a ɗakin karɓar kira suka danna aikawa tare. Na ɗaya ya hau allo. Na biyu shi ne na matar nan. Ma'aikaciyar da ta ce mata mota tana tafe ba ƙarya ta yi ba, ita a wajenta ta aika.

Mu ba mu ji ba sai bayan kwanaki, da ɗan mutumin ya kai ƙara, hukumar ta bi sawu ta ga an karɓi kira amma ba a tura kowa ba. Ran nan da rana tsaka surukata ta dawo gida ita kaɗai a motar haya, da kwali a hannu. Ta gaishe ni kamar kullum, ta hau sama. Ban ji motsinta ba sai na jan akwati.

Dogo bai zo gida ba, shago ya same ni. Ina yankan ƙarfe na ga inuwarsa. Na kashe inji. Ya zauna kan wani tsohon bokitin fenti da rigarsa mai tsada.

"Faɗi," na ce.

Ya ce an zauna da mutanen hukuma da lauyan kamfani. An buɗe komai, don a aikinsu duk abin da mutum ya taɓa yana nan da sunansa. An ga shi ya sa gwajin barci. Manaja ya ce wannan abu ne da masu rubutu ke yi yau da gobe idan gwaji yana rigima, ba daidai ba ne amma an saba, shi ya sa ake ajiye mai gwaji a ƙarshe don ta kama irinsa. Ya ce shi bai san komai ba, allo ya gani kore, sunan ma'aikaciyarsa ya gani.

"Kai kuma ka gaya musu ya ja maka riga?"

Ya kawar da kai.

"Ci gaba."

Ya ce wata mata daga hukumar ta tambayi matarsa ko ta san an tsallake gwajin lokacin da ta sa hannu. Da ta ce ba ta lura ba, da sakaci za a kira shi, a ba ta takardar gargaɗi. Lauyan ma ya yi ta yi mata ido. Ta ce ta sani. Ta ce ta san abin da gwajin ke faɗa, ta kuma yarda gaskiya yake faɗa.

"Sai matar ta ce, to me ya sa kika sa hannu?"

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Ta juyo ta kalle ni."

"Kai me ka ce?"

Ya ɗauki wani guntun ƙarfe a ƙasa yana juya shi. Kunnuwan nan sun yi ja.

"Baba, idan mu biyu aka kora fa? Da me za mu ci? Kuma ni kaɗai na san wajen nan, dole wani ya tsaya ya gyara."

"Tambayarka na yi me ka ce."

"Ban ce komai ba."

Na tambaye shi ko ya gyara. Ya ce e. Da aka ba shi bayanan ainihin kiran, kafin la'asar ya gano. Kira biyu idan suka faɗo tare lamba ɗaya suke ɗauka, na farko ya hau allo, na biyu ya ɓace. Layi kaɗan ya canza. Ya tashi Tsohuwa, an yi ta danna ta tun daga lokacin, ba ta ƙara yin ja ba.

Na ce ya tashi min daga kan bokiti, ina da aiki.

Da yamma surukata ta sauko ta same ni a tsakar gida. Ta durƙusa kamar yadda ta saba, idonta a bushe.

"Baba, ina neman alfarma. Gobe ka kai ni gidan yayana da motarka. Kayan ba su da yawa."

Mai ɗakina ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Wace irin magana ce wannan? A kan aiki za ki kashe aurenki? Aiki ai ana samun wani!"

"Ba a kan aiki ba ne, Mama."

"To a kan me? Shi ya kore ki? Ba ke kika buɗe baki kika ce kin sani ba? Wa ya aike ki?"

"Ba wanda ya aike ni. Hannuna ne ya danna, Baba ya gaya min tun ranar." Ta ɗago kai. "Amma na juya na kalle shi, Mama. Teburi yake kallo."

Mai ɗakina ta ce min idan na ɗauki mukullin motar nan ba ni da amana. Dogo yana tsaye a saman matakala yana jin komai, ya riƙe ƙarfen da na yi musu. Na jira ko zai sauko. Na ba shi lokaci mai yawa.

Da safe na goge bayan motar na shimfiɗa leda saboda tsatsa. Akwatuna ne da gadon yarinya da kwalin da ta dawo da shi daga ofis. Yarinyar ta zauna a tsakiyarmu tana wasa da maɓallin rediyo, tana tambaya ko Abba zai biyo mu. Uwarta ta ce ta bar taɓa wa Kaka kaya.

A hanya ta ce in bi ta wata unguwa da ba hanyarmu ba. Ta san gidan, ta gani a bayanan kiran. Gida ne mai koriyar ƙofa a ƙarshen layi, an zuba sabon siminti kan matakalar shiga don keken marasa lafiya ya hau. Na tsaya. Ta sauka ita kaɗai ta ƙwanƙwasa. Wata dattijuwa ta buɗe. Ban ji abin da surukata ta ce ba, ta yi magana mai ɗan tsawo, hannayenta a haɗe. Matar ta saurara har ƙarshe, ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba. Ta kalle ta daga sama har ƙasa, ta koma ciki ta rufe ƙofa.

Ta dawo ta zauna ta ja bel. Ta ce mu tafi.

Manaja yana nan a kujerarsa. Dogo ma yana nan, shugaban sashe ne, kullum yana saukowa da safe shi kaɗai, uwarsa ta miƙa masa shayi. Ita kuwa duk kamfanin da ta nema sai sun kira tsohon wajen aikinta, a can kuma amsa ɗaya ake ba su: mai gwaji ce da ta ga ja ta sa hannu. Ba wanda ya ƙara ɗaukarta gwaji. Yanzu tana shagon yayanta tana liƙa wa wayoyin mutane gilashi. Ranar hutu nakan je in ɗauko yarinyar ta wuni wajen ubanta, in mayar da ita kafin duhu. Uwar takan fito ta gaishe ni, ta duba ko bel ɗin yarinyar ya kama, ta ja shi da ƙarfi. Har yau ba ta tambaye ni lafiyarsa ba.